Jirgin farfela da ke zuwa Damagaram: tsufansa ne abin tsoro ko wani abu dabam?

Alhaji Mamman na Zango:
Assalamu alaikum ƴan zaure. Ina da tambaya ga masana harkar jirgin sama da ke cikinmu. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne a mota, mai shiga kar sai ya yini cur a hanya, a jirgi kuwa tafiyar ba ta cika awa biyu ba. Amma magana ta yi yawa a kasuwar Dole cewa jiragen da ake kawo mana tsofaffi ne, masu farfela, waɗanda Turawa suka gama cin moriyarsu. Shin akwai hatsari a shigarsu? Kuma me ya sa ake yawan ɗage tafiya, ko a bar jakar mutum a ƙasa alhali ga kujeru babu kowa a kai?

Injiniya Habu:
Wa alaikumus salam Alhaji. Mu fara da farfela, don nan ne aka fi yin kuskure. Injin da ke juya farfelar nan ba irin na mota ba ne, ɗan gidan injin jet ne, kananzir ɗaya suke sha. Bambancin kawai shi ne ƙarfin nasa ana juya shi zuwa farfela. A tafiya ta kilomita 750 a sama, wato tsakanin Yamai da nan, shi ya fi dacewa: ba ya shan mai da yawa, kuma gajeren titin jirgi ya ishe shi.

Niger Airlines ya fara jigila a 2014 da Fokker 50 da ya yi haya daga kamfanin jiragen Falasɗinu, daga baya ya kawo ATR 72. Fokker 50 ƙirar Holan ne, ya fara tashi a 1985, yana ɗaukar mutum 50, injinsa PW125B na kamfanin Pratt & Whitney na Kanada. Kamfanin Fokker ya karye a 1996, an daina ƙera jirgin a 1997 bayan an yi 213. ATR 72 kuwa a Tulus ta Faransa ake haɗa shi, Airbus da Leonardo na Italiya ke da kamfanin, yana ɗaukar mutum wajen 70, kuma har yau ana ƙera sababbi.

Shekarun jirgi ba su kaɗai ne ma'auni ba. Ana ƙirga awannin da ya yi a sama da yawan tashi da saukarsa, kuma muhimman sassa kowanne yana da wa'adinsa. Idan wa'adi ya cika ana cire shi ko da yana sheƙi.

Malam Laminu:
Injiniya, na yarda da rabin maganarka, rabi kuwa da sauran bayani. Tsufa yana da nasa tasirin, ba ta ƙarfen jirgin kaɗai ba, har ta kayan gyara. Jirgin da aka daina ƙerawa tun 1997, yawancin kayansa daga jiragen da aka farke ake samunsu, ko a aika tsohon sashe waje a sabunta shi a dawo da shi. Wannan halal ne muddin sashen ya zo da takardar shaidarsa, irin EASA Form 1 ta Turai ko 8130-3 ta Amurka. Sashen da ba shi da takarda, ko sabo ne fil a leda, bai halatta a ɗaura shi ba. To kamfani mai jirgi biyu ko uku, idan fanfon mai ya mutu ana jiran wani daga Turai, jirgi na zaune, albashi na tafiya, fasinja na waya. A wannan matsin ne ake gane kamfanin ƙwarai. Babban kamfani yana da jirgin ko-ta-kwana, ƙarami ba shi da shi.

Injiniya Habu:
Wannan gaskiya ne Malam, ban musa ba. Shi ya sa aka yi jerin da ake kira MEL, littafin da ke faɗin abin da jirgi zai iya tashi ba tare da shi ba, da kwana nawa. Rukunin B kwana 3, rukunin C kwana 10, rukunin D kwana 120, rukunin A kuma an rubuta wa'adinsa a gaban kowane sashe. Fitilar karatu ta fasinja ta mutu, jirgi zai tashi. Abin da ya shafi lafiyar tashi kuma babu shi a jerin, in ya lalace jirgi ba ya motsawa. Ɓarnar tana farawa ne idan aka riƙa rufe matsala a takarda yau, gobe a sake buɗe ta kamar sabuwa don wa'adi ya koma farko. Mai binciken ANAC, hukumar sufurin jiragen sama ta Nijar, da ya san aikinsa, wannan yake fara dubawa a littafin jirgi.

Hajiya Rakiya:
Ku taimaka ku amsa wa Alhaji maganar kaya, don ita ta fi ƙona wa mata ƴan kasuwa rai. Kujera babu kowa, a ce jaka ba za ta shiga ba.

Kaftin Sale:
Hajiya, barka da yamma. Lissafi ne, kuma zan kawo shi a fili. ATR 72-500 nauyin da ba ya wucewa wajen tashi kilo 22,800 ne. Jirgin da ma'aikatansa, babu mai babu fasinja, ya kai wajen 13,500. Fasinja ɗaya da jakarsa a ƙaddara kilo 100, mutum 70 sun zama 7,000. Saura 2,300 ke nan na mai.

Yanzu man. Jirgin na shan kilo 650 zuwa 700 a awa. Daga Yamai zuwa nan a ce 1,200. A ƙara kashi 5 cikin 100 na ko-ta-kwana, a ƙara wanda zai kai shi wani fili idan nan bai saukuwa, misali Maraɗi, wajen 400, sannan ajiyar ƙarshe ta minti 30 wadda doka ta hana a taɓa, wajen 300. An doshi 2,000. Kin ga da kyar aka sha. Idan kuma filin da za a je babu tabbacin samun mai, dole a ɗauko na dawowa tun daga Yamai, kuma duk kilo 100 na ƙarin mai kujera ɗaya ce ta tafi.

Sai zafi, wanda shi ne babbar matsalarmu. Filin jirgin Damagaram yana kan tudu na wajen mita 460. A ma'aunin da ake ƙera jirgi da shi, zafin wannan tudun digiri 12 ne. A watan Afrilu da Mayu da azahar muna kai 42, an haura da digiri 30. Kowane digiri ɗaya yana sa iska ta yi sakayau kamar an ƙara hawa mita 36 ko 37. Jirgi yana nan Damagaram, amma fiffikensa da injinsa ji suke kamar suna kan dutse mai mita 1,550. Iska marar kauri ba ta ɗaga fiffike sosai, inji ma ƙarfinsa na raguwa. Kuma ba a lissafin tashi da inji biyu: ana ƙaddara ɗaya ya mutu a mafi munin lokaci, jirgi na gudu a kan titi, sannan a tambaya ko ɗayan zai iya ɗaga wannan nauyin ya haye abin da ke gaba. Idan amsar a'a ce, sai a sauke kaya. Shi ya sa tashin sassafe ya fi ɗaukar kaya a kan na rana tsaka.

Malam Laminu:
A ƙara da rabon nauyi. A ATR 72 fasinja ta ƙofar baya suke shiga, babban ɗakin kaya yana gaba, bayan matuƙa. Idan mutane suka taru a baya gaba babu nauyi, jirgin na iya zama a kan wutsiyarsa, shi ya sa za ku ga an rataya wani ɗan ƙarfe mai tokarewa a ƙarƙashin wutsiya lokacin lodi. Idan ma'aikaciya ta ce wa mutum ya koma kujerar gaba, ba wulaƙanci ba ne, takardar nauyi ce ta ce haka. Kuma wanda ya ɓoye kilo 15 na kilishi ko fatu a jakar hannu, ya ɓata lissafin da kaftin ya sa wa hannu.

Alhaji Mamman na Zango:
Allah ya saka da alheri, na fahimci wannan. To ɗage tafiya lokacin hunturu fa? Sama babu hadari, babu ruwa, a ce jirgi bai zuwa.

Malam Isufu na Meteyo:
Alhaji, hazo ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas na kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, kuma mu ne a kan hanyarta. Daga ƙasa mutum na ganin rana sama-sama ya ce gari lafiya, amma matuƙi ba sama yake dubawa ba, gaba yake dubawa a karkace cikin ƙura, yana neman bakin titi. Ana auna nisan gani a fitar da rahoto kowace awa ko rabin awa, kuma kowace hanyar sauka tana da iyakarta a rubuce. Filin da ke da na'urar ILS, mai jan jirgi a kan layi da gangare har kusa da ƙasa, ana iya sauka da ganin mita 550, matuƙi ya sauko har mita 60 kafin ya yanke shawara. Inda babu ita, iyakar tana hawa sama da kilomita ɗaya, wani wuri fiye da haka nesa. Idan ya iso iyakar bai ga titi ba, dole ya ƙara wuta ya koma sama.

Abin da ke hana tashi tun daga Yamai shi ne hazon ba gari ɗaya yake rufewa ba. Rana ɗaya yana iya kama Damagaram da Maraɗi da Agadas. Idan inda za ka da inda za ka fake duk sun rufe, ba ka da dalilin tashi.

Kaftin Sale:
Damina ma tana da nata. Hadarin gabas kan zo da bangon ƙura a gabansa, iska ta juya cikin mintoci kaɗan. ATR 72-500 an gwada shi da iskar gefe ta wajen kilomita 65 a awa a busasshen titi, a jiƙaƙƙe iyakar na sauka. Gajimaren tsawa kuwa ana kauce masa da kamar kilomita 35, ba a ratsa shi.

Ga wani abu da mutane ba sa zato: ƙanƙara. Jirgin nan yana tafiya a tsayin mita 5,000 zuwa 6,000. Zafi na raguwa digiri 6 da rabi a kowace kilomita, don haka ko ƙasa na 30, can sama an sauka ƙasa da sifiri. Shiga gajimare mai ruwa a wannan sanyin na sa ƙanƙara ta kama bakin fiffike. Baƙar robar da kuke gani a gaban fiffiken ita ke kumbura tana fasa ta. A sararin Sahel ɗin nan ne jirgin Air Algérie da ya taso daga Wagadugu ya faɗi a Mali ranar 24 ga Yuli 2014, mutum 116 suka rasu. Bincike ya nuna ƙanƙara ta toshe ma'aunin matsin inji, ba a kunna na'urar ɗumama shi ba. Kuma wannan jet ne, MD-83, ba mai farfela ba.

Ɗan Birni:
Yallaɓai Kaftin, duk da haka ATR ɗin nan ya sha faɗuwa. Nefal a 2023, Barazil a 2024. Kada mu rufe wa jama'a wannan.

Kaftin Sale:
Ba za a rufe ba, ɗan'uwa, gara ma a buɗe shi sosai a ga abin da ke ciki. Na Nefal, 15 ga Janairu 2023, kamfanin Yeti, ATR 72-500, ana shirin sauka a Pokhara, mutum 72 suka rasu. Matuƙin da ke taimakawa aka ce ya sauke leɓatun fiffike, sai hannunsa ya ja libobin da ke kusa, masu juya ruwan farfela su daina cizon iska. Injuna biyu na aiki amma babu mai tura jirgin. Na Barazil, 9 ga Agusta 2024, kamfanin Voepass, mutum 62, jirgin yana cikin yanayin ƙanƙara mai tsanani. Na Taiwan, 4 ga Fabrairu 2015, TransAsia, inji ɗaya ya sami matsala bayan tashi, matuƙi ya kashe mai lafiyar, mutum 43 suka rasu.

Fokker 50 ma yana da nasa tabon. Luxair a Nuwamba 2002, mutum 20, da Kish Air a Sharja a Fabrairu 2004, mutum 43. Duka biyun farfela ta shiga yanayin da ake amfani da shi a ƙasa wajen rage gudu, alhali jirgi na sama. Bayan haka aka tilasta gyaran makullin da ke hana hakan.

A dubi jerin nan da kyau. Na TransAsia bai kai shekara ɗaya da fitowa daga masana'anta ba. Abin da ke maimaituwa shi ne hannun mutum da horonsa. Shi ya sa doka ta ce matuƙi ya koma na'urar kwaikwayon tuƙi duk wata shida, a kashe masa inji, a kunna masa gobara, a ga abin da zai yi. Kuma ƙa'ida ce kafin a taɓa libar kashe inji, ɗaya ya ɗora hannu, ɗayan ya duba ya tabbatar da baki. Ƙaramin kamfani dole ya tura matuƙansa waje don wannan horon, da kuɗin waje. Idan aljihu ya matse, nan ake fara jin sha'awar jinkirtawa.

Injiniya Habu:
Ta ɓangarenmu na gyara, darasin da ake koya wa kowane makanike shi ne na Tuninter, 6 ga Agusta 2005. ATR 72 ne ya taso daga Bari ta Italiya zuwa Jarba ta Tunusiya. An canza masa ma'aunin mai, sai aka ɗaura na ATR 42, ƙaramin ɗan'uwansa, don kamarsu ɗaya kuma ramin ɗaya ne. Ma'aunin ya riƙa nuna mai fiye da abin da ke tanki nesa ba kusa ba. Injuna biyu suka mutu, jirgin ya sauka a teku kusa da Palermo, mutum 16 cikin 39 suka rasu. Lambar sashe ce ba a gwada da littafi ba. Kuma da an kwatanta litar da motar mai ta zuba da abin da ma'auni ya ƙaru da shi, da an kama kuskuren tun a ƙasa. Lita ɗaya ta Jet A-1, kananzir ɗin jirgi, wajen kilo 0.8 ce, lita 1,000 ta ba da kilo 800. Idan lissafi bai haɗu ba, akwai sandunan awo a ƙarƙashin fiffike da ake jawowa a auna da hannu.

A ƙasarmu abokin gabar inji shi ne rairayi. Yana cinye bakin ruwan kwamfaresa, sashen inji mai matse iska, kamar yadda ake wasa wuƙa, wanda ya wuce ciki kuma yana narkewa ya toshe ƙananan ramukan da ke sanyaya sashen wuta. Alamar ita ce inji ya riƙa neman ƙarin zafi kafin ya ba da ƙarfin da ya saba. Don haka ake rubuta zafinsa da gudunsa a kowace tafiya a bi sawunsu, ana wanke kwamfaresa da tataccen ruwa akai-akai, ana zura ƙaramar kyamara a duba ciki, kuma jirgi in zai kwana a rufe bakin inji da bututun awon gudu. Zanzaro na iya gina ɗakinsa na laka a bututun nan cikin ɗan lokaci. Kowace safiya kuma a tsiyayi mai daga ƙasan tanki a duba ruwa, don ruwa ya fi kananzir nauyi, ƙasa yake kwanciya.

Malam Laminu:
Ni dai a ganina an fi ɗora wa kamfani ido, an bar fili. Jirgi mai tsawon mita 27 kamar ATR 72 yana buƙatar ƴan kwana-kwana na mataki na 5: ruwan haɗa kumfa lita 5,400 a mota, kuma su isa kowane bakin titi cikin minti 3. Motar nan in ta lalace, matakin fili ya sauka, jirgi bai kamata ya zo ba ko da lafiyarsa ƙalau. Ga shinge: akuya ɗaya ko jaki a kan titi lokacin da jirgi ke gudun kilomita 200 a awa ya isa ya karya ƙafar gaba. Ga juji da mahauta kusa da fili, masu tara ungulu da shirwa. Wannan ba aikin matuƙi ba ne, na hukuma ne da na unguwannin da ke kewaye.

Malam Isufu na Meteyo:
A raba aikin don jama'a su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. ANAC ita ke ba kamfani takardar izinin jigila, ita ke da ikon dakatar da shi. ASECNA, wadda aka kafa a 1959 mai hedikwata a Dakar, ita ke kula da zirga-zirgar sararin sama. Idan hatsari ya faru, ƙa'idar ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, ta ce ƙasar da abin ya auku a cikinta ke jagorantar bincike, rahoton farko cikin kwana 30.

Hajiya Rakiya:
To mu fasinja, me ido zai iya gani?

Injiniya Habu:
Kaɗan ne Hajiya, amma akwai. Dubi harufan da ke jikin jirgi kusa da wutsiya. 5U rajistar Nijar ce. Idan wasu harufa ne, jirgin haya ne, kuma sau da yawa matuƙa da gyara da inshora duk na mai jirgin ne, hukumar ƙasarsa ke da alhakin farko a kan lafiyarsa. Fokker ɗin Falasɗinawa a lokacin rajistar Masar suke ɗauke da ita, SU. Dubi ko matuƙi ya zagaya jirgi da ƙafa kafin tashi, yana duba tayoyi da farfela. Dubi ko an auna kowace jaka. A jirgi mai kujera 70 ma'aikatan cikin ɗaki biyu ne aƙalla, ɗaya ga kowace kujera 50.

Idan kin ji inji na ruri a ƙasa amma farfelar dama a tsaye, ba lalacewa ba ce. ATR ba shi da ƙaramin injin wuta a wutsiya, sai a danne farfelar dama da birki, injin ya ba da lantarki da sanyi.

Kaftin Sale:
Naku kason kuma shi ne abin da kuke sawa a jaka. Batirin cajin waya da duk batirin lityum da ba a cikin na'ura yake ba, a hannu ake riƙe shi, ba ya shiga ɗakin kaya, don in ya kama wuta a gan shi a kashe. Iyakarsa 100 Wh, wato ma'aunin yawan wutar da yake riƙewa, an rubuta a jikinsa, daga nan zuwa 160 sai da izinin kamfani. Batirin sola mai ruwa, tukunyar gas ko da babu komai ciki, fetur, da janareto da aka taɓa zuba wa mai, duk ba sa hawa. Turare mai barasa kaɗan na amfanin kai ya halatta, amma katan-katan na sayarwa sai an bayyana shi a matsayin kaya mai haɗari.

Alhaji Mamman na Zango:
Na gode ƙwarai. Tambaya ta ƙarshe: mai son ya haɗa da jirgin Jidda ko na Istambul a Yamai, ranar zai taso daga nan ko kafin nan?

Malam Isufu na Meteyo:
Daga Disamba zuwa Fabrairu ya bar kwana biyu tsakani, Alhaji, don hazo mai kauri kan yi kwana biyu ko uku bai washe ba. A damina kwana ɗaya ya isa, kuma ya nemi tashin safe, hadari ya fi tasowa daga la'asar zuwa dare. Idan tikitin nan da na waje ba a haɗe aka saye su ba, kamfanin waje ba ya ɗaukar alhakin makararsa, don haka ya tambayi sharaɗin canjin rana tun kafin ya biya.